Zanga-zangar Masu Riguna Ruwan Ɗorawa a Faransa

Zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira Gilets jaunes da Faransanci, bore ne da ya ɓarke a Faransa ranar 17 ga Nuwamba, 2018, saboda ƙarin harajin fetur da dizal. Sunan ya samo asali ne daga riga mai ƙyalli da doka ta wajabta wa kowane direba ya ajiye a motarsa tun 2008. Ba jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadago ce ta shirya ta ba. A Facebook aka yi gayya.

Asali

Faransa ta daɗe tana fafutukar ɗora haraji kan hayaƙin da ke ɗumama duniya. Yunƙurin Shugaba Nicolas Sarkozy ya ci tura a Disamban 2009, lokacin da Majalisar Tsarin Mulki ta soke dokar. A 2013 kuma masu zanga-zanga sanye da jajayen huluna a yankin Bretagne suka tayar da ƙayar baya kan harajin manyan motoci, har aka janye shi daga baya. Sai a 2014, zamanin Shugaba François Hollande, harajin hayaƙi, wanda ake ɗorawa kan fetur da dizal, ya fara aiki a kan yuro 7 kowane tan na hayaƙi. Zuwa 2018 ya kai yuro 44.6, kuma gwamnatin Emmanuel Macron ta tsara ya haura 86 a 2022.

Nauyin bai faɗa kan kowa daidai ba. Mazaunin Paris yana da jirgin ƙasa da bas, amma mutumin ƙauye ko bayan gari ba ya zuwa aiki ko asibiti sai da mota, galibi mai amfani da dizal, wanda gwamnatocin baya suka yi shekaru suna sassauta wa haraji. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a farkon 2018 aka soke harajin dukiya na attajirai, aka bar na gidaje da filaye kawai. Ga kuma rage gudun mota daga kilomita 90 zuwa 80 a awa a hanyoyin karkara a watan Yuli. Takardar koke kan tsadar mai da wata mata mai suna Priscillia Ludosky ta buɗe a intanet a watan Mayu ta tara sa hannu sama da miliyan ɗaya.

Yadda ta gudana

Ranar farko kimanin mutum 280,000 suka fito, suka tare shataletale da manyan hanyoyi. Daga nan aka riƙa fitowa kowace Asabar. Ranar 1 ga Disamba aka yi ɓarna a ginin tarihi na Arc de Triomphe da ke Paris. Bayan kwana uku Firaminista Édouard Philippe ya dakatar da ƙarin harajin mai, washegari aka soke shi ɗungurungum. Ranar 10 ga wata Macron ya sanar da tallafin kusan yuro biliyan 10, ciki har da ƙarin yuro 100 a wata ga masu ƙaramin albashi.

Mutum kusan goma sun mutu, akasari a haɗuran mota wajen shingaye. Wasu sun rasa ido sakamakon harsashin roba, kuma har yanzu ana taƙaddama kan ƙarfin da 'yan sanda suka yi amfani da shi.

Abin da ya biyo baya

An zaɓi 'yan ƙasa 150 ta hanyar ƙuri'ar sa'a domin su ba da shawara kan sauyin yanayi. A Yunin 2020 suka miƙa shawarwari 149, kuma ƙarin harajin hayaƙi ba ya cikinsu. Dokar da aka zartar a Agustan 2021 ta ɗauki wasu, ta rage ƙarfin wasu. Harajin ya tsaya a yuro 44.6 tun 2018.