Sukarin da ke shiga kofin yaranmu

A ranakun awon yara a gidan likitar da nake aiki a nan Tawa, kukan da iyaye mata suka fi kawo mini shi ne yaro ya ƙi cin tuwo. Idan na nemi a lissafa mini abin da ya shiga bakinsa tun wayewar gari, sai in ji kunun da aka cika wa sukari, da ragowar shayin mahaifinsa, da ƙanƙarar zoɓo ta dala biyar a ƙofar lakwal, da biskit ɗin da kaka ta miƙa masa don ya yi shiru. Yaron da ya sha wannan duka kafin azahar ba zai nemi abinci ba, domin cikinsa ya toshe, alhali jikinsa bai samu abin da zai gina tsoka da jini da ƙashi ba. A yanki irin namu na Adar, inda har yanzu muke fama da tamowa da ƙarancin jini a tsakanin yara, wannan ita ce illar sukari da ta fi tayar mini da hankali.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, kuma ta ce ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan bai wuce gram 25 ba, wato ƙaramin cokali 6, na yaro kuwa bai kai haka ba. Gwangwanin lemun kola guda, mai santilita 33, yana ɗauke da kusan gram 35, daidai da ƙwayar sukari 7. Babu uwar da za ta zuba wa ɗanta ƙwaya 7 a tafin hannu ta ce ya tauna, amma idan aka narkar da su a ruwa mai sanyi ba ma ganin komai. Madarar gwangwani mai kauri da ake tsiyayawa a shayi ko a shafa a burodi, kusan rabinta sukari ne. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse su ma suna cikin lissafin. Mangwaro ko kankana da aka ci da tsokarsu, da nonon shanu da ba a ƙara wa komai ba, ba sa ciki.

Haƙori ne ke fara nuna alama. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna mayar da sukari ruwa mai tsami wanda ke cin haƙori a hankali, kuma yawan lokutan da zaƙi ke taɓa baki ya fi yawan abin da aka sha a zama ɗaya ɓarna. Wasu iyaye kan ce ai yaro zai yi famfara, wasu su fito. Sai dai tun yana da shekara 6 turamen farko na girma ke fitowa can ƙuryar baki ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, kuma su ne zai yi tauna da su har tsufa. Na ga yaran da suka rasa su kafin su gama firamare. Bayan haƙori akwai ƙiba, wadda ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini idan an girma.

Ba na cewa a haramta zaƙi a gida, domin abin da aka hana da ƙarfi shi yaro ke nema a ɓoye. Harshe yana sabawa da abin da aka saba masa. Idan cokali uku ake zubawa a kunu, a mayar da shi biyu na tsawon makonni, sannan ɗaya, a cike gurbin da niƙaƙƙiyar gyaɗa ko nono ko garin kuka. Furar gero da nono ba ta bukatar a cika mata sukari kafin ta shiga. Kuɗin da ake ba ɗan lakwal zai iya sayen ƙuli-ƙuli, ko dafaffen dankali, ko magarya da goruba, kuma lokacin sanyi, idan lambuna suka kawo karas da tumatir da kabeji, kwaɗon zogale da ɗan wake sun fi kowane biskit riƙe ciki. Ƙishirwa kuwa ruwa mai tsabta take so. A nan ina roƙon iyaye maza da kakanni musamman, domin uwa ba za ta iya ita kaɗai ba idan maigida na miƙa wa yaro kofin shayi na uku, wanda ya fi kowanne zaƙi, ko yana shigowa da alewa kullum da maraice.

Jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata 6. Daga nan zuwa shekara 2 kada a zuba masa sukari a kunu, kada kuma a ba shi lemu, zuma kuwa sai ya cika shekara ɗaya, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya kashewa.

Abubuwa biyu ne wannan magana ba ta shafa ba, kuma ina so a riƙe su da kyau. Ruwan gishiri da sukari na SRO da ake ba mai zawo, da Plumpy'Nut da ake ba yaro mai tamowa, magani ne da aka auna. A ba su yadda ma'aikacin lafiya ya ce, kada a rage, kada kuma a raba wa sauran yaran gida.