Fim ko Wasan Kwaikwayo Zai Iya Zama Kundin Digiri? Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da yawa masu karatun adabi a Yamai suna da wata baiwa a gefe. Wannan yana rubuta waƙa, waccan tana cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo, wancan kuma gwani ne wajen ɗaukar bidiyo. Da lokacin memwar, wato kundin kammala digiri, ya zo, sai kowa ya ajiye baiwarsa ya duƙufa sharhin aikin wani. Akwai wata hanya kuwa, bincike ta hanyar aikatawa, wadda jami'o'i da dama a duniya suka daɗe da buɗewa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mene ne bincike ta hanyar aikatawa?

Shi ne ɗalibi ya ƙirƙiri abu da kansa, ko wasan kwaikwayo, ko fim, ko diwanin waƙoƙi, ko fassara, domin ya amsa wata tambaya ta ilimi. Kundin yakan zo kashi biyu: aikin da aka ƙirƙira, da rubutun da ke bayyana tambayar, da hanyar da aka bi, da abin da aka gano. Duka biyun ake dubawa ranar kare kundi.

A Ingila, Jami'ar East Anglia ta buɗe mastar ta ƙagaggen rubutu tun 1970. A 1993 masanin Ingila Christopher Frayling ya raba binciken fasaha gida uku: bincike a kan fasaha, bincike ta hanyar fasaha, da bincike domin fasaha. Na farkon shi ne wanda muka saba. Na biyun ne maganarmu a nan. A Faransa ma, a 2012 aka buɗe shirin doktora mai suna SACRe a Paris, inda mawaƙi ko mai shirya fim ke kare tez, wato kundin doktora, da aikin hannunsa.

Me ya haɗa wannan da adabin duniya da nazarin al'adu?

Tun 1827 marubucin Jamus Goethe ya yi maganar adabin duniya. A 2003 masanin adabi na Amurka David Damrosch ya bayyana shi da cewa adabi ne da ya ƙetare iyakar al'ummar da ta haife shi, ana karanta shi a wani wuri. To, da ƙafar wa adabi ke ƙetare iyaka? Mai fassara ne ke ɗaukarsa, ko mai fim, ko mai dandali. Ɗalibar da ta zauna ta juya tatsuniyoyin Adar zuwa Faransanci tana ganin abin da ke zubewa a hanya da idonta, jimla bayan jimla, fiye da wadda ta karanta ra'ayoyin masana a kan fassara kawai.

Nazarin al'adu kuma, wanda wata cibiya ta Jami'ar Birmingham a Ingila ta kafu a kansa a 1964 a hannun Richard Hoggart, daga baya Stuart Hall ya ja ragamarta, shi ya nuna cewa rayuwar talaka ta yau da kullum ta cancanci nazari. Hirar fada a bakin butar shayi, da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, duk sun shiga.

Wannan ba hanyar gudun wahala ba ce?

Wanda ya shiga da wannan niyya zai sha mamaki, domin aiki biyu ne a wuyan mutum ɗaya. Kyan fim ba ya mai da shi bincike. Sai an ga tambayar da ya amsa, wadda zaman laburare kaɗai ba zai amsa ba.

A ce ɗalibi ya zaɓi kirarin ƴan kokowa. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi a cikinta, a Tawa aka fara ta a 1975, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa ya san yadda ɗan kokowa ke fitowa da layu a damtse, ya ɗaga hannu ya ce “Sai ni wane!”, makaɗi ya amsa masa da ganga, jama'a su ɗauki sowa. Ta tsohuwar hanya, ɗalibin zai naɗi kirarin, ya rubuta shi layi-layi, ya fitar da salo da jigo. Aiki ne mai kyau. Amma a ce ya tara ƴan wasa ya ce su yi kirarin a dandali daga takardar da ya rubuta. Nan take zai ga abin bai tashi ba. Inda ya yanke layi ba nan mai kirari ke numfasawa ba. Ganga ce ke yanke masa. Ya cire makaɗi, kirarin ya mutu. Ya dawo da shi ba tare da masu sowa ba, ya ga ɗan wasan yana sauri kamar ana korarsa. Yanzu yana da hujjar da zai rubuta: kirari ba maganar mutum ɗaya ba ce, bakuna uku ne ke gina shi, kuma rubutun da ya bar biyu daga ciki ya rage wa adabin jiki. Gwajin dandalin ne ya haifi wannan sani, kuma wani mai bincike zai iya kallon bidiyon gwajin ya yarda ko ya musa.

Wannan ne ya sa nake ganin hanyar ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro mata suna. Mafi yawan adabinmu a baki yake, da jiki, da kiɗa.

Baƙon abu ne ke nan a Nijar?

Sunan ne baƙo. A farkon shekarun 1950 Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya ɗauki fim ɗin farautar dorina a Kogin Kwara, daga baya ya koma Ayorou ya haska wa masuntan. Suka ce masa ya cire kiɗan da ya ɗora a kan farautar, domin kiɗa ƙara wa dorina ƙarfin zuciya yake yi. Da littafi ya kai musu, da wannan gyara bai samu ba. Oumarou Ganda, wanda ya fara fitowa a fim ɗin Rouch, shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Moustapha Alassane, da ya yi zamansa a Tawa har ya rasu a 2015, ya mayar da labaran gargajiya zuwa fim ɗin zane mai motsi. André Salifou kuwa ya yi binciken tarihin sarautar Damagaram, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun.

Kayan aikin ma suna kusa. Cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam, IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. CELHTO, cibiyar adabin baka da aka kafa a 1968, wadda yanzu take ƙarƙashin Tarayyar Afirka, ita ma a Yamai take.

Za a karɓa a tsangayarmu?

Ka'idar tsangaya da ra'ayin malamin da ke duba aikinka su ne za su yanke. Tsarin digiri na LMD da jami'o'inmu ke bi ya tsara shekaru, uku na lisans, biyu na mastar, uku na doktora, amma fasalin kundi yana hannun kowace jami'a. Kada ka sayi ko batir ɗin kyamara kafin ka zauna da malaminka. Ku daidaita a rubuce: shafi nawa ne rubutun, wane kaso na maki aikin ƙirƙira zai ɗauka, kuma ta yaya alƙalai za su gan shi, kai tsaye ko a bidiyo. Idan aka ce sai cikakken memwar irin wanda aka saba, kana iya yin gwajin dandalin a matsayin hanyar tattara bayani, ka sa bidiyon a rataye a ƙarshen kundin.

Me ake zubawa a kashin rubutun?

Ba labarin wahalar da ka sha ba, ba kuma yabon aikinka ba. Ka faɗi tambayarka, ka nuna waɗanda suka riga ka, masana da masu fasaha duka, sannan ka bi shawarwarin da ka yanke ɗaya bayan ɗaya da dalilinsu. Wannan ba ya yiwuwa sai da littafin aiki. Kowace ranar gwaji ka rubuta kwanan wata, abin da aka gwada, abin da ya ƙi, abin da ɗan wasa ko tsohuwar da ta ba ka tatsuniya ta ce. Abin da ya ƙi yakan fi wanda ya yi daidai amfani a babin nazari. Muryoyi da bidiyo kuma a ajiye su wuri biyu, kada a bar su a waya kaɗai.

Da wane harshe?

Aikin ƙirƙira da harshen masu abin ya kamata a yi shi, Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek. Kundin tsarin mulkin Nijar da aka kafa a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen rubutun nazarin, shi ma a tambayi tsangaya tun da wuri.

Mutanen da aka ɗauki muryarsu fa?

A nan ne na fi jin tsoro. Makaɗin da ya ba ka kiɗansa da shi yake ci da iyalinsa. Ka gaya masa gaskiyar inda aikin zai je, ko ɗakin kare kundi kaɗai ne ko har YouTube, ka naɗi amincewarsa da bakinsa idan ba ya karatu. Ka sa sunansa a aikin in ya yarda, ka ɓoye in ya ce a ɓoye. Akwai kirari da waƙoƙin bori da masu su ba sa so a fitar, kuma digiri bai ba kowa izinin fitar da su ba. Idan aikin zai shiga kasuwa, a je hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, a ji yadda rabo yake. Kafin ranar kare kundi kuma, ka koma ka nuna musu abin da ka haɗa, ka rubuta gyaran da suka yi maka a cikin babin nazari.