Lasisin mai feshin ƙwari: abin da doka ke nema da dalilin bambancin farashi

Mutum biyu za su duba gida ɗaya da kyankyasai suka addaba, ɗaya ya yanka kuɗi mai kauri, ɗayan ya ce a ba shi abin da ya sawwaƙa. Mai gida yakan ɗauka na farkon ya cika son riba. Sau da yawa kuwa bambancin daga doka yake: ɗaya yana ɗauke da nauyin da ta aza masa, ɗayan ya sauke nasa a kan mutanen gidan ba tare da sun sani ba.

Dokokin feshi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma galibinsu hawa uku ne. Akwai rajistar maganin kansa, akwai shaidar ƙwarewar wanda zai riƙe famfon feshi, sannan akwai lasisin kamfanin da ya karɓi aikin.

Mu fara da maganin. Ba a yarda a sayar da maganin ƙwari ba sai hukuma ta tantance shi ta ba shi lamba. A Amurka dokar da ke kula da wannan ta samo asali tun 1947, aka yi mata babban gyara a 1972, kuma hukumar kare muhalli ta EPA ce ke aiwatar da ita. A Tarayyar Turai dokar 2012 ta raba abin gida biyu: a fara amincewa da sinadarin da ke kisan, sannan a ba kowane samfuri izininsa daban. Sama da dokokin ƙasashe akwai yarjejeniyoyin duniya. Ta Stockholm, wadda aka rattaba wa hannu a 2001 ta fara aiki a 2004, ta fara ne da sa takunkumi kan sinadarai 12 da ke daɗewa a ƙasa da jikin mutum ba su narke ba. Cikinsu har da kulodan, wanda a da shi ne sarkin maganin gara, da kuma DDT, wanda aka bar wa ƙofa ɗaya tak, wato yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta irin sauron maleriya.

Abin da ya fi muhimmanci a nan, kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne takardar da ke manne a jikin kwalba. Mutane suna ɗaukarta shawara ce. A idon doka kuwa umarni ce. A Amurka an rubuta ƙarara a jikin kowace kwalba cewa amfani da maganin saɓanin abin da takardar ta ce laifi ne a dokar tarayya. Ita ke faɗin ƙwaron da aka yi maganin dominsa, da awon da za a tsarma shi da ruwa, da wurin da aka yarda a fesa, da tsawon lokacin da za a jira kafin mutane su koma ɗaki. Mai feshin da ya ninka awo don a ce maganinsa yana da ƙarfi ya karya doka. Haka wanda ya ɗauko maganin gona ya fesa a ɗakin kwana, ko wanda ya juye magani a wata gorar da ba ta da suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan nan gwargwadon haɗarinsu, kuma ƙasashe da dama suna nuna hakan da launi a ƙasan takardar: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane ja.

Hawa na biyu shi ne mutumin. Wasu magunguna kowa na iya saya a kanti, wasu kuwa an killace su, sai mai shaidar ƙwarewa. A tsarin Amurka jihohi ne ke shirya jarrabawa su ba da shaidar, amma ƙa'idar tarayya ta 2017 ta sa mafi ƙarancin shekaru 18, ta ce a sabunta shaidar aƙalla duk shekara 5, kuma mai yin aikin don kuɗi ya ajiye rikodin killatattun magungunan da ya yi amfani da su har shekara 2. Shaidar ma rukuni-rukuni ce. Wanda ya ci jarrabawar feshin gidaje ba shi da izinin yin turaren iskar guba sai ya ci tata jarrabawar.

Wannan rabuwa da jini aka rubuta ta. Akwai ƙwayar aluminiyam fosfaid da ake sa wa hatsi a sito, wadda da zarar ta ji danshi sai ta saki iskar fosfin. Iskar tana ratsa tsaga da ƙarƙashin ƙofa, kuma babu maganin da ke karya dafinta. A 2010, a jihar Utah, wasu 'yan mata ƙanana biyu 'yan uwan juna suka rasu bayan an zuba ƙwayar a ramukan ɓeraye kusa da gidansu. A wannan shekarar EPA ta tsaurara ƙa'ida, ta hana amfani da ita a harabar gidajen zama. A 2015 kuma wani iyali da suka je hutu tsibiran Virgin na Amurka suka kwanta rai a hannun Allah saboda an turara ɗakin da ke ƙasan nasu da metil buromaid, iskar da aka daɗe da hana amfani da ita a gidaje. Kamfanin Terminix, wanda ya yi turaren, ya amsa laifi, hukuncin ya kai kusan dala miliyan 10. Ina kawo wannan ne don a ga cewa ko babban kamfani mai lasisi yana iya yin ganganci. Abin da lasisi ya ƙara shi ne an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Hawa na uku, lasisin kamfani, shi ne ya fi cin kuɗi. Hukumomi sukan nemi rajistar kasuwanci, da ma'aikaci mai shaidar ƙwarewa da zai ɗauki alhakin aikin, da ɗakin ajiyar magani mai kulle da iska, da inshorar da za ta biya diyya idan an yi ɓarna. Ga takunkumin numfashi wanda matatarsa ke ƙarewa a sauya, ga safar hannu da rigar aiki, ga mota, ga albashi. Kwalbar da ta ƙare ma ba a jefar da ita haka nan, sai an ɗauraye sau uku an huda ta don kada wani ya zuba ruwan sha. Idan ka lissafa, maganin da aka fesa shi ne ƙaramin kaso a cikin kuɗin da aka caje ka. Mafi yawa ladan sani ne da lokaci da zirga-zirga.

Nau'in ƙwaron ma yana juya farashi. Kuɗin cizo ya yi taurin kai ga magungunan da aka saba fesawa, ƙwansa kuma yakan tsallake feshin farko, don haka sai an dawo, wani lokacin ma sai an gasa ɗakin da zafin da ya kai digiri 50. Gara tana bukatar a haƙa gindin gini ko a binne tarko a yi ta bibiya wata da watanni. Duk wanda ya ce zai gama da waɗannan biyu a zuwa ɗaya, a kuɗin feshin sauro, ko bai san aikin ba ko bai faɗi gaskiya ba.

Kasuwar kanta tana matse ƙaramin ɗan kwangila ta sama da ta ƙasa. Ta sama manya suna haɗiye ƙanana, har su kansu suna haɗewa, kamar yadda Rentokil na Ingila ya sayi Terminix a 2022. Su ke kwashe kwangilar shekara-shekara ta otal-otal da asibitoci da masana'antun abinci, inda kuɗi ke shigowa rani da damina. Ta ƙasa kuma ga masu famfo a baya, babu lasisi babu inshora, suna karya farashi. Aikin gidaje kuma na lokaci ne, yana tashi da zafi da danshi ya kwanta da sanyi. Ina tausaya wa mai bin doka a tsakiyar nan ƙwarai, kuma a ganina hukumar da ke karɓar kuɗin lasisi amma ba ta fita dubawa ba ta yi masa adalci ba, domin ta ɗora masa kaya ta ƙyale abokin gasarsa yana tafiya hannu rabbana.

Mai gida yana da haƙƙin ya nemi ganin lasisi ya duba ranar ƙarewarsa, ya ga kwalbar asali da lambar rajistarta, ya ji sunan maganin da awon da za a sa. A rubuta masa sa'o'in da za a jira kafin yara da dabbobi su shigo, da ko dawowa ta biyu tana cikin kuɗin. Ya kuma adana takardar, domin idan wani a gidan ya fara amai ko numfashinsa ya sarƙe, sunan maganin shi ne abu na farko da likita zai tambaya.