Kumbo ba ya cim ma ɗan'uwansa da taka totur

An daɗe ana ɗauka cewa idan 'yan sama jannati za su haɗe da tashar sararin samaniya, saita ta kawai suke yi su ƙara wuta, kamar direba mai bin mota a titi. Ba laifi, a ƙasa haka abin yake.

A can sama kuwa, ƙara wuta gaba ɗaga kumbo yake yi zuwa falaki mafi tsayi, inda zagayen ya fi tsawo, sai tashar ta ƙara yi masa nisa. A 1965 wani kumbon Amurka ya gwada bin kai tsaye, ya ƙone mai da yawa bai cim ma abin da yake bi ba.

Dabarar ita ce a biyo ta ƙasa. Tashar tana kimanin kilomita 400 sama, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Kumbon da ke ƙasanta ya fi ta saurin zagaye, sai ya riƙa matsowa yana hawa kaɗan-kaɗan. Wajen haɗuwar, matsowar ko tafiyar ƙafa ba ta kai ba.

Gwada da kanka: wata, da yake nesa, kwana 27 yake ɗauka kafin ya zagaye duniya, amma tashar kan ratsa sama bayan magariba cikin 'yan mintuna. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.