Waiwaye: Yadda aka gano tushen cutar soriyasis a garkuwar jiki

Cutar fatar nan da likitoci ke kira soriyasis ta daɗe ana yi mata mummunar fahimta. Shekaru aru-aru a Turai ana haɗa masu ita da kutare, har sai da likita Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya raba ta da kuturta a 1841. Har yau a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, wanda ɓawo mai kauri ya fito wa a gwiwa ko a fatar kai akan ce makero ne ko kyasbi, wani ma a daina sa hannu a kwano ɗaya da shi, alhali kuwa ba a ɗaukar ta. A baƙar fata tabon yakan yi duhu, da ɓawo mai launin toka da ke zuba a kafaɗar riga, musamman da hunturu.

Da farko fatar aka ɗora wa laifi, domin ƙwayoyinta da kan sabunta cikin kimanin kwana 28 suna yin haka cikin 'yan kwanaki kawai a jikin mai cutar. Tunani ya juya a 1979, lokacin da aka lura cewa maganin cyclosporine, wanda aikinsa danne garkuwar jiki ne, yana share tabon. Daga nan masu bincike suka koma kan fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, da kuma sinadaran saƙo da suke aika wa junansu.

Uku daga cikin waɗannan sinadarai su ne kan gaba. IL-23 ke zuga wasu ƙwayoyin T su saki IL-17, shi kuma tare da TNF ya umarci fata ta yi ta hayayyafa. Fatar da ta kumbura sai ta fitar da nata saƙon, ta ƙara janyo ƙwayoyin garkuwa, wutar ta ci gaba da hura kanta. Kumburin ba ya tsayawa a fata, shi ya sa wasu ke fama da ciwon gaɓoɓi.

Wannan fahimta ce ta haifar da alluran da ke toshe waɗannan saƙonni: domin maganin soriyasis, Amurka ta amince da etanercept a 2004, ustekinumab a 2009, sai secukinumab a 2015. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin mai tsanani wadda ba ta yaɗuwa.

Abin da ke damuna shi ne tsadar alluran nan ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu, sai a koma ga man shafawa mai sitiroyid na kasuwa, wanda ke kwantar da kumburin na ɗan lokaci, ya sirance fata, cutar kuma ta iya dawowa da ƙarfi in an daina. Ko ga mai hali ma, toshe TNF na iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka a ƙasa irin Gana wajibi ne likita ya yi gwajinsa kafin allurar farko.