Inshorar Lafiya Ba ta Ma'aikacin Gwamnati Kaɗai Ba Ce

Har yanzu da yawa na ɗauka inshorar lafiya ta mai albashin gwamnati ce kawai. Tunanin yana da asali, domin da ma'aikatan tarayya NHIS, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta wancan lokaci, ta fara a 2005. Amma dokar 2022 da ta kafa NHIA, hukumar da ta maye gurbin NHIS, ta wajabta inshorar kan duk mazaunin Najeriya, kuma a shirinta na GIFSHIP, wato inshorar ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane da iyalai, ɗan kasuwa ko manomi na iya biyan kuɗin shekara ya yi rajista da iyalinsa. Jihohi ma suna da nasu, kamar na hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA.

Abin da ke damuna, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita, galibi bayan ciwo ya kwantar da mutum, har wani ya sayar da gona.