Waiwaye: Daga Jangali Zuwa VAT, Wa Ke Ɗaukar Nauyin Haraji a Najeriya?

A ranar 28 ga Oktoban 2024, Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta zauna da manyan sarakuna a Kaduna, ƙarƙashin jagorancin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, ta fito ta ce ba ta yarda da ƙudurorin gyaran haraji da Shugaba Bola Tinubu ya aike wa Majalisar Tarayya a farkon watan ba. Ƙudurori huɗu ne masu kauri, amma abin da ya tsaya wa gwamnonin a rai ɗaya ne: yadda za a raba kuɗin harajin sayen kaya, wato VAT, tsakanin jihohi. Tun daga ranar muhawarar ta rikiɗe ta zama tamkar rigimar Arewa da Legas. Tambayar da ta fi tsufa, wadda kuma ta fi taɓa aljihun jama'a, sai ta koma gefe: tsakanin mai hali da marar hali, wa ke biya, kuma nawa?

Ƙasar Hausa ta san haraji tun kafin zuwan Turawa. Akwai zakka, akwai kuɗin ƙasa, akwai jangali a kan shanu, a Kano har karofin marina ana biya masa kuɗi. Da dokokin 1904 da 1906 Lugga ya tattara waɗannan wuri guda, ya bar aikin karɓa a hannun sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa, a raba abin da aka samu tsakanin gwamnati da sarakuna. Abin da ya sauya rayuwa shi ne, sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Bature. Manomin da ba shi da sule dole ya nemo shi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, wanda gyaɗarsa ba ta yi ba kuwa ya tafi cin rani.

Dattawa har yanzu suna ba da labarin yadda abin yake idan kaka ta yi. Mai unguwa na bi gida-gida da jerin sunaye. Saurayi da zarar ya tasa an sa shi cikin lissafi, ko yana da gona ko ba shi da ita. Wanda ya biya a ba shi 'yar takarda, ya ninke ta ya cusa a hula, don idan aka tare shi a hanyar kasuwa bai nuna ta ba, to ranar sai abin da dogari ya ga dama. Bafulatani kuwa idan ya ji labarin masu ƙirga suna tafe, sai ya kora rabin garken daji. Zafin harajin nan bai tsaya ga yawansa ba. A aikace kusan kuɗi ɗaya ake ɗora wa kowane namiji baligi na gari, mai rumbu goma da wanda hatsinsa ke ƙarewa kafin damina.

Kudu ma ba ta karɓe shi da hannu biyu ba. An yi tawayen Adubi a ƙasar Egba a 1918, matan yankin Aba suka tashi a 1929 da jin za a fara ƙirga su, matan Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka matsa har Alake, sarkin Egba, ya sauka daga sarauta a 1949, sannan manoman koko na Agbekoya suka ɗauki makami a 1968 zuwa 1969. A Arewa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ta mayar da haraji da jangali batun siyasa, ta kira su da sunan zalunci a kan talaka. Shi ya sa da jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, cikin abubuwan farko da gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi akwai soke su.

Sai dai a lokacin gwamnati ta riga ta sami wata saniyar tatsa. Kuɗin man fetur ya sa ba ta damu da aljihun talaka ko na attajiri ba, siyasar ƙasar ta koma kan rabon arziki: nawa Tarayya za ta ɗauka, nawa jihohi, nawa masu mai. Al'adar da ta zauna ke nan, kuma ita ce ta sake bayyana a zaman Kaduna.

VAT ya shigo da dokar soja ta 1993, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Haraji ne mai sauƙin karɓa, domin yana cikin farashi, mai saye bai ma san ya biya ba. Aibinsa shi ne bai san fuska ba: ɗan acaɓa da ɗan majalisa kuɗi ɗaya suke biya a kan katin waya, alhali ɗan acaɓan yana kashe duk abin da ya samu, ɗan majalisan kuwa yana tara mafi yawa. Obasanjo ya ninka shi zuwa kashi 10 ana gab da ya sauka a 2007, ƙungiyoyin ƙwadago suka tafi yajin aiki, 'Yar'aduwa ya mayar da shi yadda yake. Gwamnatin Buhari ce ta kai shi kashi 7.5 daga Fabrairun 2020. A 2021 wata Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce jihar Ribas na da ikon karɓar VAT da kanta, gwamnanta na lokacin Nyesom Wike ya yi doka, Legas ta bi sahu, aka yi ta gorin cewa jihohin da ke fasa kwalaben giya suna cin rabon harajin giya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake, amma gorin bai mutu ba.

Ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba shi ne harajin albashi da kuɗin shiga na mutum. Gyaran 2011, zamanin Jonathan, ya tsara matakai shida, daga kashi 7 a kan naira 300,000 na farko har zuwa kashi 24 a kan abin da ya haura miliyan 3.2 a shekara. A 2011 dala tana wajen naira 150 zuwa 160, don haka miliyan 3.2 kuɗi ne na manya. Aka bar matakan nan yadda suke fiye da shekara goma, naira tana ta zubewa har dala ta haura 1,500. Sakamakon shi ne ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya tsinci kansa a mataki ɗaya da shugaban banki, ba don ya yi arziki ba. Babu gwamnan da ya kira taro a kan wannan.

A kan wannan gado Tinubu ya kafa kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele a 2023, 'yan watanni bayan janye tallafin mai. Hujjar gwamnati ita ce harajin da Najeriya ke tarawa bai wuce kusan kashi 10 na arzikin da take samarwa ba, tana son ya kai 18. Ƙudurorin farko sun nemi a riƙa ɗaga VAT daki-daki har ya kai kashi 15 a 2030, a rage rabon Tarayya daga kashi 15 zuwa 10, sannan a cikin kason jihohi a raba kashi 60 bisa inda kuɗin ya fito, maimakon kashi 20 na da.

Nan aka yi ta kai ruwa rana, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Oyedele ya ce tsohon tsarin ne ke fifita Legas, tunda ana lissafa harajin a inda hedikwatar kamfani take, sabon kuma zai bi inda aka yi amfani da kayan, ta yadda katin da aka saya a Kano zai shiga lissafin Kano. Gwamnonin suka ce ina alƙaluman da za su tabbatar da haka? Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi: abin da Arewa ta fi samarwa abinci ne, abinci kuwa ba a ɗora masa VAT, don haka buhunan masarar da ke fita daga Dawanau ba za su taɓa bayyana a wannan lissafi ba. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta nemi a janye ƙudurorin, Tinubu ya ƙi. Gwamna Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume suka fito ƙarara suna suka. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tada jijiyar wuya kan shirin yanke wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, hanyar samun kuɗi, malaman addini suka nuna damuwa kan wani sashe da suka ga zai iya taɓa gado.

A Janairun 2025 gwamnonin ƙasar baki ɗaya suka cimma matsaya: VAT ya tsaya a 7.5, kason jihohi a raba rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a. A kan wannan matsaya majalisa ta amince da ƙudurorin, Tinubu ya sa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon harajin. Hukumar tara haraji ta Tarayya, FIRS, ta koma NRS. Ko a nan ƙura ba ta lafa ba, domin a Disamban 2025 ɗan majalisa Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya tashi a zauren majalisa ya ce abin da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa da abin da suka amince da shi.

To me dokar ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi? Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Daga nan kashi 15, ana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake cire wa kowa daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa haraji, an kawo na kuɗin haya, kashi 20 na hayar shekara, kada ya wuce naira 500,000. Ɗauki ma'aikaci mai naira 100,000 a wata, a ajiye batun fansho da haya gefe. A tsohon tsari harajinsa na shekara naira 78,000 ne, a sabo 60,000. Sauƙin da ya samu naira 1,500 ne a wata, kuɗin da bai kai litar mai biyu ba. Mai samun miliyan 60 a shekara kuwa nasa ya tashi daga kusan miliyan 11.2 zuwa kusan miliyan 12.9. A takarda an karkata zuwa ga adalci, wannan ba abin musu ba ne, kuma kiyaye abinci da magani da karatu daga VAT ya fi wa talaka amfani fiye da duk abin da aka yi ta hayaniya a kai.

Amma yawancin talakawan ƙasar nan ba su taɓa shiga wannan lissafi ba balle a cire su. Manomi ba shi da takardar albashi. Harajinsa yana bakin kasuwa: kuɗin shiga, kuɗin rumfa, kuɗin awo, kuɗin ƙungiya. Motar shanu ko ta tumatir da ta tashi daga Arewa zuwa Legas tana tsayawa a shinge bayan shinge, wani da rasit wani babu, kuma duk abin da direba ya miƙa daga kuɗin manomi ake cire shi ko a ɗora wa mai saye. Shi kansa Oyedele ya sha faɗin cewa harajin da doka ta sani sun haura 60, waɗanda ba ta sani ba sun fi haka yawa nesa. Waɗannan galibi na jihohi ne da ƙananan hukumomi da 'yan sanda-a-hanya, dokar Abuja ba ta isa ta share su ita kaɗai ba.

Can sama ma haka abin yake ta wata fuskar. Kashi 25 ɗin nan zai kama wanda ake yanke masa tun daga tushe, wato ma'aikacin banki, na kamfanin mai, babban jami'in gwamnati. Attajirin da ke da layin shaguna da gidajen haya da tireloli, wanda cinikinsa na rana ya fi albashin farfesa na shekara, sai ya bayyana abin da ya samu da kansa kafin a ce ya biya. Kuma duk da cewa dokar ta Tarayya ce, harajin kuɗin shiga na mazaunin jiha hukumar harajin jiharsa ce ke karɓa. Ma'ana, wanda zai aika wa babban ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Anacha takardar neman biya yaron gwamna ne, gwamnan da sau da yawa irin waɗannan attajirai ne suka ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓensa.